Wanda Ya Aske Zaitun a Lambun Matar Holan

Ranar da Argiro ta dawo daga jinyar mahaifiyarta a asibitin birni, ko zama ba ta yi ba. Ta kwantar da tsohuwar, ta sunkuci damin makullanta, ta nufi gidajen baƙi da ke gefen gari don ta ga yadda lambuna suka yi a bayanta. Tana buɗe ƙofar gidan Aneke, 'yar ƙasar Holan da muke kira matar Holan, ta tsaya cak. Babbar bishiyar zaitun da ke tsakar lambun, wadda ake cewa ta girmi cocin garin, an aske ta tas. Babu reshe, babu ganye, sai gindi da dungulmai suna kallon sama. Rassan ma an kwashe. Kwaɗon ƙofa kuwa lafiyarsa ƙalau.

Mu mutanen Agriliya ba ma jiran ɗan sanda kafin mu yanke hukunci. Kafin gahawar hantsi ta huce a shagon Garifaliya, an kama ɓarawo, an yi masa shari'a, saura ɗauri. Wa ke riƙe da makulli? Argiro. Itacen zaitun yana tsada a lokacin sanyi? Sosai ma. Jinya a birni kyauta ce? Aka kaɗa kai, aka kurɓi gahawa, aka ce ai dama.

Abin ya ba ni haushi, har yau ma yana ba ni. Yarinyar nan ta yi shekaru a Jamus tana wankin zannuwan otal, har tururi ya cinye mata fatar hannu. Da ƙugun mahaifiyarta ya fara gardama ta dawo gida, ta tarar kusan rabin garin an sayar wa mutanen ƙasashen sanyi, waɗanda ke zuwa da zafi su shanya jikinsu a rana, su kulle su tafi, lambunan su koma daji. Sai ta sayi tsohuwar a-kori-kura da almakashin lambu, ta bi su gida-gida tana cewa su bar mata makulli, za ta kula. Aneke ce ta fara amincewa, ita ce kuma ta ja sauran. Mu da muka sayar da gidajen iyayenmu da hannunmu, mu ne muka koma muna taɓe baki wai 'yar gidan mutunci ta zama 'yar aikin baƙi.

Argiro ba ta ɓoye komai ba. Nan take ta ɗauki hoto ta tura wa mai gidan. Amsar ta zo gajera: Aneke za ta sauka ranar Asabar, a shirya mata makullinta, daga nan sai ofishin 'yan sanda. Kowa ya san abin da zai biyo baya. Baƙin nan bakinsu ɗaya ne, idan makulli ɗaya ya tafi sauran za su bi shi. Argiro ta koma wanki a Jamus, tsohuwa a kai ta gidan gajiyayyu a birni, inda ba ta san kowa ba.

Shi ya sa ta je wurin Sifis, ƙanen mahaifinta.

Sifis ya haura saba'in, kafaɗarsa ɗaya ta daina ɗaguwa, amma idonsa bai tsufa ba. A zamanin da satar awaki take sana'a a duwatsunmu, shi ake kira ya bi sawu. Yakan bi garke daga wannan kwari zuwa wancan, ya zauna da wanda ya kora su, a ci cuku, a yi maganar ruwan sama, washegari a ga awaki a bakin hanya. Sharaɗin aikin ɗaya ne: dabba ta dawo, suna ba ya fitowa. Saboda haka ɓarayi ke buɗe masa ƙofa, saboda haka kuma ba a cika haƙa kabari kan akuya a yankinmu ba. Tun da yake bai taɓa furta sunan mutum ba.

"Baffa, na san akuya ka saba bi," in ji Argiro. "Amma ba ni da kowa."

"Bishiya ai ta fi sauƙi, 'yar nan. Ba ta tafiya."

Ya jawo sandarsa.

*

Ruwan da aka kwana biyu ana yi ya wanke duk wani sawu a ciyawa, don haka Sifis bai ɓata lokaci da ƙasa ba. Ya ɗaga kai ya dubi dungulman. Kowane yanka an karkata shi yadda ruwa ba zai kwanta a kai ba, an shafe shi da yumɓu da toka. Ya tsuguna ya murza garin katakon da ya maƙale a gindi, ya ji shi laushi kamar gari. Zarton hannu ne, ba inji ba. Wanda ya yi aikin ya kwana biyu yana yi, kuma ba ya sauri.

Aneke ta shuka ciyawa shar a ƙarƙashin bishiyar, irin ta ƙasarsu, da bututu mai feshin ruwa da kansa kullum. Sifis ya tarar an lanƙwasa bututun an ɗaure da waya. Ya soka sandarsa a gindin bishiyar, ta nutse kamar a fadama, ya zaro ya sunsuna ya yamutsa fuska. Argiro ta kau da kai.

Daga nan ya bi katangar baya. Tsohuwar katangar dutse ce, da wasu duwatsu da suka ɗan fito a jikinta ciki da waje, matakala irin ta da. Aneke ta ɗauka ado ne, ta jera tukwanen fure a kansu. Sifis ya ɗaga tukunya ɗaya, ya ga zoben da ta daɗe tana zaune a kai yana gefe guda. An sauke su, an taka, an mayar. A wata tukunyar ma reshen fure ya karye, an kafa masa tsinke an ɗaure da zare.

"Kin ga ɓarawonki," ya ce. "Har ɗori yake yi wa fure."

Da za su fita ya sake zagaya gindin. A tsayin ƙirji an kankare gansakuka, wani tsohon tabo ya fito: tsaga biyu a jere, da ɗan rami a ƙarƙashinsu, ɓawo ya kumbura ya kusa rufe su. Argiro ta ce wajen nan Aneke take rataye fitila idan suna cin abinci a waje. Sifis ya ce to, ya wuce.

*

Ya fara da Lefteris mai sayar da itace, saboda gari ya ce da injinsa Argiro ta yi aikin. Ya same shi a bayan gida yana faskare. Da Lefteris ya ji zarton hannu ne, sai ya ajiye gatari ya tallafi tumbinsa da hannu biyu.

"Baffa Sifis, dube ni da kyau. Ni da wannan kayan zan hau zaitun da zarton hannu? Ai da tuni kun ci abincin makokina."

Sifis ya zagaya tulin itacensa duk da haka, babu ɗanyen zaitun ko guda. Lefteris ya rage murya ya ce in shi ne mai bincike, da Stratis zai tambaya, mai ɗakunan haya da ke kan tudu sama da gidan Aneke, wanda ya daɗe yana kukan bishiyar ta tare wa baƙinsa teku.

Stratis yana fentin tagogi. Bai yi ko kunyar ƙarya ba, ya ce wallahi ya ji daɗi, yanzu har jiragen kamun kifi ake hangowa daga ɗakin sama, duk wanda ya yi a gaishe shi. Amma shi yana Atina, babban birnin ƙasa, tun kafin Argiro ta tafi asibiti, 'yarsa ta haihu, ga hoton jariri, ga wani, ga wani kuma. Sifis ya kalli hotunan da haƙuri, ya fi kallon hannun da ke riƙe da wayar, fari sumul babu ko kanta. Da ya juya zai tafi, Stratis ya ce masa ya hau dutse ya ga abin da awakin Yakumis makiyayi suke ci kwanan nan.

*

Ba a tambayar makiyayi kai tsaye, sai wanda ba shi da tarbiyya. Sifis ya zauna a bakin garken Yakumis, aka yanko cuku, aka zuba raki, barasarmu ta gida, a ɗan kofi, aka zagi gwamnati, aka yi maganar farashin madara. Duk wannan lokacin ga tulin ganyen zaitun a gabansu awaki suna ta wawaso, ba wanda ya kalle shi. Sai da cukun ya kusa ƙarewa Sifis ya ce bana awaki sun samu gata.

Yakumis ya ce a bakin hanya yake tarar da ganyen kowace safiya, a bayan katangar matar Holan, an ɗaure dami-dami yadda kakanninmu suke bar wa makiyayi. Bai ga kowa ba.

"In ma na gani fa?"

"Ba zan tambaye ka ba."

"Na sani. Shi ya sa na ba ka cuku." Yakumis ya ƙara yanko masa. "Kowa yana ta cewa an sayar da itace. Mutumin da ya san ya bar wa awaki ganye, ai ya san inda ake kai itace."

Wata akuya ta zo tana goga kai a gwiwar Sifis. Ya kama kunnenta ba tare da ya sani ba, yana shafa tsagar da babban yatsa, yadda ya yi wa dubban kunnuwa a rayuwarsa. Kowane gida a duwatsun nan da irin tsagarsa, ta gidan Yakumis yanka ɗaya ce a baki da ɓalli a gefe. Yatsan ya tsaya. Tsaga biyu a jere, da huda a ƙasa. Ba ƙusar fitila ba ce ta yi tabon nan. Alamar gidan Kurmulis ce, awakin farko da ya taɓa bi a bayan mahaifinsa tun gemu bai fito masa ba. Garken ya ƙare tuntuni, gidan bai bar ɗa namiji ba. Mace ɗaya ce, Erofili.

A wurinmu ƙasa takan zama ta wani, bishiyar da ke cikinta ta wani. Uban da ba shi da gonar da zai raba yakan ba 'yarsa zaitun ɗaya a kayan aurenta, ya tsaga alamar gidansa a gindi, ko da filin ya koma hannun ɗan'uwa. 'Ya'yan bishiya na mai bishiya, itace in an yi aski na mai ƙasa, ganye na makiyayi. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, kuma magadan da suka sayar wa Aneke filin suna zaune a Atina, ba su ga dalilin ɓata ciniki da tsohon zance ba.

Sifis ya gangara ya koma lambun shi kaɗai, ya tsallaka ta matakalar katanga yana tsine wa kafaɗarsa. A can ƙasa, bayan gidan, akwai rumfar itacen Aneke, wadda ba wanda ya leƙa saboda kowa ya riga ya san an sayar. Tana cike har rufi. An yanka gajeru-gajeru daidai murhu, an jera tsaf. Ya zaro ɗaya ya juya, ya ga tsakiyarsa ta yi baƙi ta fara ruɓewa.

*

Erofili ta rasu shekaru biyu da suka wuce. Mijinta Pandelis yana zaune a gidan ƙarshe, sama da maƙabarta, ya kai tamanin, kunne ya tafi, kuma tun rasuwarta bai sake taka shagon gahawa ba. Sifis ya same shi a bakin ƙofa, hannayensa biyu naɗe da tsumma mai maiƙo. Zarto yana rataye a ƙusa a bayansa, haƙoransa suna ƙyalli.

Ba a yi wani zagaye-zagaye ba. Tsohon na ganin inda idon Sifis ya sauka ya washe baki.

"Ka je ka gani? Ya aikin?"

Sifis ya ɗaga murya ya ce aiki ya yi kyau. Gaskiya ce kuma.

Pandelis ya ce bishiyar mutuwa take yi. Ruwa kullum, kullum, sai ka ce kokwamba. Yakan tsaya a bayan katanga ya ga ganyen yana yin rawaya daga sama, ya dawo gida abinci ya ƙi shiga. Tun da aka sa ƙofa da kwaɗo bai tsinki ko ƙwaya ɗaya ba, don bai san yadda mutum zai ƙwanƙwasa wa baƙuwa ƙofa ya roƙi abin matarsa ba. Ya shiga ciki ya fito da wani tsohon gwangwani, ya girgiza a kusa da kunnen Sifis. Ɗan man da ya rage ya yi ƙara a ƙasa. Man zaitun na ƙarshe da Erofili ta tsinka da hannunta ke nan, da shi yake kunna fitilar kabarinta. Ya ce ba zai kunna mata man kanti ba, ai sai ta tashi ta tambaye shi ko hauka yake.

Sifis ya ji tausayi ya kama shi. Da akuya ce, da yanzu magana ta ƙare, a kora ta bakin hanya kowa ya kama bakinsa. Amma ba a mayar da reshe. Ya matsa kusa da kunnen tsohon ya faɗa masa komai: gari ya ce Argiro ce, matar Holan tana tafe, akwai maganar 'yan sanda, yarinyar za ta rasa aikinta.

Pandelis ya daɗe yana kallon tsumman hannunsa. Can ya ɗaga kai ya dubi teku ya ce da alama za a sake ruwa. Sifis ya gangaro bai san ko ya ji ba, ko kuwa ya ji sarai tsoro ne ya kama shi. Ɗan shekara tamanin da bai taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba, wa zai ga laifinsa?

*

Argiro tana ganin fuskar Sifis ta gane.

"Ka san ko wane ne."

"Na sani."

"To faɗa mini."

Ya ce mata akwai itace a rumfa, ba a sayar da komai ba. Ta yi wata dariya mara daɗi ta ce wannan ai ƙara ɗaure ta ya yi. Wane ɓarawo ne zai jera wa mai gida itace? Za a ce ita ce ta yi gwanintar aski ta ɓata, ta dawo tana ƙarya. Ta ce ta san ruwan ya yi yawa, tun bara ta sani, amma Aneke tana son ciyawarta, ita kuma tana tsoron ta ce a'a ga mutumin farko da ya ba ta makulli. Sannan ta sake neman sunan. Ya ce ba zai iya ba.

"Baffa, kai za ka mutu da sunanka mai kyau. Ni kuma in ɗauki jakata."

Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa maganar ta shige shi. Daga ɗakin ciki tsohuwa tana kiran a zo a juya ta, Argiro ta tashi ta tafi. Ya zauna yana kallon damin makullan a kan tebur, kowanne ta ɗaura masa ƙyalle mai launi daban.

*

Aneke ta sauka, ta je lambun ita kaɗai, Stratis da ke leƙe ta taga ya ce ta daɗe zaune a kujerar marigayi mijinta a gindin dungulmin, rana tana dukanta. Doguwar mace ce mai furfura, ta kai saba'in ita ma, tana jin harshenmu a hankali, kalma bayan kalma. Saboda inuwar nan suka sayi gidan.

Sifis ya aika a ce mata ta yi haƙuri da 'yan sanda zuwa a tashi daga coci ranar Lahadi. Ya sa aka kira Lefteris da Stratis da Yakumis shagon Garifaliya. Sauran gari ba a kira su ba, amma kujera ta yi wuya.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a tsaye, yana dogare da sanda. Lefteris inji yake amfani da shi, wannan kuwa zarton hannu ne. Stratis ba ya gari, kuma hannunsa bai san zarto ba. Yakumis ganye kawai ya ɗauka, wanda dama haƙƙin awakinsa ne. Itace yana rumfar mai gida, ba a taɓa ko tsinke ba. Ya ajiye guntun da ya zo da shi a kan tebur, ya nuna mata baƙin da ke tsakiya, ya ce ruwa ne yake kashe bishiyar daga ƙasa, wanda ya aske ta kuma ya kashe bututun so yake ta rayu. Ya ce mai makulli ba ya tsallaka katanga, ba ya sauke tukwane.

Garifaliya ta ce daga bayan kanta, yadda kowa zai ji, mai makulli mai wayo yakan iya sauke tukwane. Wasu suka yi gyaran murya.

Aneke ta saurara har ƙarshe, ta juya guntun itacen a hannunta. Ta ce ta ji duk wanda ba shi ba ne. Tana son ta ji wanda shi ne.

Sifis ya ce ya san shi, amma ba al'adarsa ba ce ya faɗa.

"To ni ba ni da abin riƙewa sai abin da na sani," in ji ta. "Mutum ɗaya na ba makulli." Ta miƙa wa Argiro tafin hannu. Ba da fushi ta yi ba, idonta ya yi ja.

Argiro ta zaro damin daga aljihu, ta fara kiciniyar ɓalle mai jan ƙyalle daga zoben. Farcenta ya karye wurin aiki, zoben ya ƙi buɗuwa, ta yi ta fama. Sifis yana kallon hannayen nan da wankin Jamus ya cinye. Ya tuna ɗan'uwansa da ya bar masa ita. Abin da ya riƙe tun yana saurayi ya ji ya yi masa nauyi, kuma ya ji kunya.

"Dakata," ya ce. "Ba zan faɗi wanda ya yi aski ba. Amma zan faɗi mai bishiya, don ba taki ba ce, baiwar Allah, ko da yake ba laifinki ba ne da ba a gaya miki ba. Akwai tsaga biyu da huda a gindinta. Ta wata mata ce, sunanta Erofili."

Duk wanda ya haura sittin a shagon ya sunkuyar da kai. Sun san bishiyar, sun ci man ta a bikin auren, sun manta ne saboda mantuwar ta fi sauƙi. Garifaliya ta ajiye kofin da take gogewa. Sifis ya san rabin sunan ya fita daga bakinsa, kuma ba zai dawo ba.

"Kada ka sa ta a ciki. Ita tana kwance, ba ruwanta."

Muryar ta fito daga bakin ƙofa, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa. Pandelis ne, cikin baƙar kwat ɗinsa ta zuwa biki, wadda ta yi masa yawa yanzu, zarto a hammata. Ashe ya ji. Ya ratso kujeru a hankali, ya ajiye zarton a gaban Aneke, ya cire hula.

"Ni ne mijinta. Ni na hau, ni na yanka, yarinyar nan tana asibiti. In motar 'yan sanda za a sa ni, ga ni na yi shiri."

Argiro ce ta yi wa Aneke bayanin sauran, a hankali, da harshen da ta fi ji: kayan aure, matakalar katanga, gwangwanin mai, fitilar kabari. Ta faɗi nata ma, cewa ta ga ruwan yana ɓarna ta yi shiru. Aneke ta daɗe tana kallon tsumman da ke hannun tsohon. Ba ta yi murmushi ba, kuma ban ga laifinta ba. An shiga gidanta, an ɗauke mata abin da ta fi so a cikinsa, ba wanda ya tambaye ta.

Ta ce da ya ƙwanƙwasa, da ta buɗe. Aka faɗa masa a kunne. Ya ce ya sani yanzu.

Sai ta tambayi yaushe inuwar za ta dawo.

Pandelis ya ce tsiro kam bana za a gani, in an bar ta ta sha iska. 'Ya'ya nan da 'yan shekaru. Amma inuwa irin wadda ta sani, wadda mutum zai sa tebur a ƙarƙashi, wannan sai an yi haƙuri sosai.

"Ni ba zan gan ta ba ke nan," in ji Aneke.

Wannan bai buƙaci a maimaita masa ba, a bakinta ya karanta.

"Ni ma haka," ya ce.

Suka tsaya suna kallon juna, tsofaffi biyu da kowannensu ya binne wanda yake zama da shi a gindin bishiya ɗaya. Lefteris ya zaro ƙyalle ya fyace hanci da ƙarfi.

A lokacin ne zoben ya buɗe. Makullin ya faɗo kan tebur kusa da zarto, Argiro ta tura shi gabanta. Aneke ta ɗauka, ta juya shi, ta dubi jan ƙyallen da aka ɗaura masa. Ta ce a cire ciyawar, a bar matakalar katanga babu tukwane. Sannan ta kamo hannun Argiro ta sa makullin a ciki, ta rufe yatsun da nata.

"Cikinmu ke kaɗai za ki zauna a inuwar nan. Sai ki tsaya a gari ki jira ta."

Sifis bai jira gahawar da Garifaliya ta ce kyauta ce ba. Ya ɗauki zarton ya riƙe wa Pandelis, suka kama hanyar sama tare, ɗaya ba ya ji, ɗaya ba ya son magana. Da suka zo daidai maƙabarta tsohon ya tsaya, ya ce bari ya leƙa ya ga ko fitilar tana ci.